Faifan Baba da Hannun Yaya

Hannun yayana yana riga kunnensa jin kiran salla. Ladan na cewa Allahu akbar, hannun nan zai miƙe da kansa yana neman abin kashewa: rediyo, talabijin, waya in tana karatu. Ko murhu ne, idan ba a tare shi ba, sai ya kashe wa mutum shinkafa tana tsakiyar tafasa, ya wuce alwala ko a jikinsa. A gida muka tashi da wannan. Baba bai yarda wata murya ta yi gasa da ta ladan ba, kuma bai yarda a bar karatun Alƙur'ani yana tafiya babu mai sauraro ba. An kira salla, a rufe littafi, a mayar da shi gafakarsa. Yaya ya kwaso tarbiyyar nan kaf ya kawo ta Alƙahira, garin da kowane lungu yake da masallacinsa da lasifikarsa, don haka hannun bai taɓa rasa aikin yi ba.

Muna zaune a unguwar Hayyin Ashir, a wata 'yar shaƙƙa, wato sashen haya, mai ɗaki biyu a saman shagon gyaran waya. Shi ya riga ni zuwa, yana karatun addini. Ni na biyo shi a 2011 don in karanta injiniyancin kwamfuta, bisa sharaɗin zan zauna inda idonsa zai riƙa ganina. Abokansa, masu dogayen riguna da littattafai a hammata, suka laƙaba mini bashmuhandisa, yadda Misirawa ke kiran injiniya, suna faɗa suna danne dariya. Ban damu ba. Duk wanda wayarsa ta lalace ai ni yake nema, kuma ranar da muryar ladabi yake zuwa.

Baba ya rasu a farkon 2014. Kafin mu gama fahimtar abin da aka faɗa mana a waya, an riga an kai shi makwancinsa. Muka yi zaman makokinmu a falo, ɗalibai suna shigowa suna mana gaisuwa, maƙwabciyarmu Bamisiriya tana turo mana tire da shayi. Ba zan yi ƙarya ba, haushi na fi ji a kan baƙin ciki a kwanakin farko. Mutumin da bai taɓa kiran sunana ba, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, sai dai ya ce Uwata, shi ne aka rufe ban gani ba.

Inna tana cikin takaba ta kira mu. Ba ta da yawan magana a waya, tana ganin kamar ana tsaye a kanta ne.

"Faifan nan na karatun Malam yana wurinku?"

Yaya ya ce yana nan.

"Ina so in ji shi," ta ce. Daga nan ta koma tambayar ko muna cin abinci.

Faifan yana da tarihi. Ina ƙarama aka ɗauki karatun Baba a kaset a zaurenmu, da irin muryar nan ta malaman zaure mai hawa da sauka, wadda abokan Yaya da suka goge a Masar suke yi wa murmushi. Daga baya Yaya ya kai kaset ɗin kasuwa aka juye shi a faifai, shi kuma kaset ɗin rediyon gida ta tauna shi ta huta. Faifan kaɗai ya rage a duniya. Babu wanda ya yi tunanin kwafe shi, don in kana son jin Baba ai kiransa kawai za ka yi. Shekaru yana yawo daga jaka zuwa jaka, har bakinsa ya cika da ƙarzuwa. Ƙarshen karatun ya daɗe da daina fita, yana kaiwa can sai ya fara in'ina ya tsaya. Ni dai har na manta yadda ya ƙare.

Da na ɗaga shi ga hasken taga na ga abin da ya fi ƙarzuwa muni. Wata siririyar tsaga ta taso daga ramin tsakiya tana nufar waje. Faifai daga ciki ake fara karanta shi, kuma dab da tsakiyar nan ne aka rubuta bayanin da ke gaya wa na'ura abin da ke kansa. Ranar da tsagar ta kai wurin, babu na'urar da za ta sake gane shi, ya zama abin ɗora kofi. Kuma abin da ke tura tsagar gaba shi ne sakawa da cirewa, domin duk lokacin da faifai ya shiga, ta ramin nan ake damƙe shi, in zai fita kuma a sake shi. Lissafin a fili yake: a saka shi sau ɗaya, a bar shi a ciki har a gama kwashe abin da ke kansa, komai daɗewa.

Abin karanta faifai na kwamfutata ya daɗe da mutuwa. Na je wurin wani dattijo mai shagon tsofaffin kayan lantarki a bayan tashar ƙananan motocin hayar da ake ce wa mikrobas, Bahaushen Sudan ne, kakanninsa sun taso da ƙafa da niyyar Makka suka zauna a hanya. Ya zaro mini wani akwatin karanta faifai da ake haɗawa da waya, ya hure masa ƙura.

"Ya bitti, 'yata, kada ki raina shi," ya ce. "Sababbin nan gudu suke yi kamar an biyo su, za su tarwatsa miki abin. Wannan tafiyar tsofaffi yake yi, shwayya shwayya."

Na karɓa na rungume shi har gida.

A cikin kowace kwamfuta akwai wani sashe na manhaja da ke zaune tsakanin ƙarfe da sauran manhajoji. A aji kanel muke ce mata. Ita ke magana da kowace na'ura, babu mai taɓa ƙarfe sai ta hannunta. Idan manhajar kwafi ta fara karanta faifai, kanel takan aika wa akwatin umarni ya kulle ƙofarsa. Daga nan ko yini za ka yi kana danna maɓallin buɗewa, ba zai saurare ka ba, sai an gama an sake shi. Na san wannan, na yi jarrabawa a kansa, kuma a kansa na dogara.

Na saka faifan da hantsi, na yi bisimilla. Akwatin ya yi gurnani, ya karɓa, kwafi ya fara tafiya a hankali. Da aka kira Azahar ina zaune ina kallo Yaya ya fito daga ɗakinsa yana naɗe hannun riga, ya biyo ta gaban teburin, yatsansa ya sauka a kan maɓallin. Babu abin da ya motsa. Ya sake dannawa.

"Yaya, a kulle yake," na ce ina dariya. "Danna har gobe. Wannan ya fi ƙarfin hannunka."

Ya harare ni ya wuce. Ni kuwa na saki jiki, na ɗauki jakata na tafi lacca.

Na dawo bayan La'asar na tarar da ƙofar akwatin a buɗe, babu komai a ciki. Faifan yana can saman kanta, naɗe cikin farin hankici, kusa da Alƙur'anin Yaya. Na warware shi. Tsagar ta ƙara tsawo, abin da ya rage tsakaninta da wurin rubutu bai wuce faɗin ƙwayar gero ba.

Ban san lokacin da na faɗa ɗakinsa ba.

"Me ka yi masa? Da me ka ɓalle ƙofar?"

"Wace ɓallewa? An kira salla na danna, ta buɗe, na ɗauke shi na adana."

"Ba ta buɗewa! A gabanka ka danna ba ta buɗe ba."

"To ta buɗe. Ke kika ce a kulle yake, ke kika ce in danna har gobe. Ni ban ma kai goben ba."

Da ya ga tsagar sai fuskarsa ta sauya. Ya zauna a bakin gado. Sannan ya yanke hukunci irin na babban wa, wanda ba a neman ra'ayin kowa a cikinsa.

"Khalas, shi ke nan. Ba za a sake saka shi a komai ba. Akwai wanda zai tafi gida in an gama jarrabawa, zan ba shi ya kai wa Inna yadda yake. Ko ba ta ji ba, ta riƙe."

"Inna ba riƙewa ta ce ba. Ji ta ce."

"Na gama magana."

"Ni ban gama ba."

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. A gidanmu ba a mayar wa Yaya magana, kuma tun rasuwar Baba ya ƙara wani nauyi a murya. Na fita na ja masa ƙofa da ƙarfin da ya wuce na ladabi.

Labari ya zaga abokansa, kowa ya zo da nasa maganin. Wani ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, ƙaddara ce, ai ladan karatun ya riga ya isa inda za shi. Wani ya ce a ɗauki karatun wani babban gwani a aika wa Inna, wai ai Alƙur'ani ɗaya ne. Wannan na kalle shi har ya sunkuyar da kai. Malamin da ke koya mana darasin kanel ya saurare ni a tsaye a bakin ofishinsa, ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ya binti, ki manna tef a kan maɓallin, ki huta." Na gwada a kan wani faifan banza. Zafin Alƙahira ya narkar da ƙaron, tef ɗin ya lotsa ya danne maɓallin da kansa, ƙofar ta riƙa fita tana komawa kamar mai shaƙuwa.

Amma ko da tef ɗin ya yi aiki, ba na jin zan yarda. Manna tef yana nufin Yaya ne matsalar gidan, hannunsa ne za a yi wa shinge. Hannun nan kuwa abin da Baba ya koya masa yake yi, babu ƙari babu ragi. Ina jin haushinsa, amma ban ga dalilin da zai sa a ɗora wa tarbiyyar Baba laifin wata na'ura da ta ce ta kulle ƙofa alhali ba ta kulle ba. Wanda ya yi alkawari shi zai cika. Na kafe a kan haka, duk wanda ya ce taurin kai ne na ce na gode.

Na ɗauko wani faifai na koyon Larabcin kasuwa da ban taɓa amfana da shi ba, na sa cokali mai yatsu na yi masa zane a baki, irin ƙarzuwar da ke jikin na Baba. Na saka shi, na fara kwafi, na zauna na kasa kunne. Na danna maɓalli, a kulle. Na sake dannawa can gaba, a kulle. Da karatu ya kai wurin zanen sai akwatin ya fara kakari, ya koma baya, ya sake gwadawa, ya sake komawa. Daga nan ya yi tsit na ɗan lokaci. Sai na ji ƙas, fitilarsa ta mutu ta dawo, ya ci gaba da juyi kamar babu abin da ya faru. Na miƙa yatsa na danna. Ƙofar ta fito salin alin.

Na tashi na zagaya falon ina magana ni kaɗai. Ashe Yaya gaskiya ya faɗa.

Manhajar da nake amfani da ita irin wadda rubutunta yake a buɗe ce, kowa na iya karantawa ya gyara. Na buɗe sashen da ke kula da irin wannan akwati na bi shi layi layi. Abin da na samu ya ba ni haushi saboda ƙanƙantarsa. Idan akwati ya shaƙe a kan ƙarzuwa ya daina amsawa, kanel takan jira, in ta gaji ta kashe shi ta tayar da shi, ƙas ɗin nan da na ji ke nan. Shi kuwa akwatin in ya farka ba ya tuna komai, har da umarnin kulle ƙofa. Ita kanel tana da wata 'yar alama a wurinta, e ko a'a, da ke nuna ko ƙofa a kulle take. Ta sa e tun da safe, kuma babu wanda ya koma ya duba. Ko manhajar kwafi ta sake roƙon a kulle, sai kanel ta dubi alamarta ta ce ai a kulle take, ta ƙi aika komai. Kamar uwar gida ce da ta sa yarinya tsaron tukunya, yarinyar ta yi barci ta farka ta tafi wasa, ita kuwa tana ɗaki tana rantsuwa akwai mai tsaro. Ga sauran mutane wannan ba komai ba ne, faifai ya fito a mayar da shi. Wanda ya rubuta wurin bai san da gidan da ake danna maɓalli a kowace salla ba.

Gyaran a baki sauƙi gare shi: duk lokacin da aka tayar da akwati, a dubi alamar, in ta ce e, a sake aika masa umarnin kullewa. Na rubuta, na sa kwamfutar ta sake gina kanel ɗin, abin da ke cin rabin yini a kan tsohuwar na'ura irin tawa. Na gwada. Akwatin na farkawa kwamfutar gaba ɗaya ta sandare, ko kibiya ba ta motsi. Na yi gaggawar aika umarnin tun bai gama dawowa hayyacinsa ba, kanel ta tsaya jiran amsa, shi kuma yana jiran ta sallame shi. Yaya ya leƙo ya ga na dafe kai.

"Bashmuhandisa, ya aiki? Ko a kira miki mai gyaran waya na ƙasa?"

Na koma kan rubutun. Na mayar da umarnin baya kaɗan, sai an gama tayar da akwatin, amma ya zama shi ne farkon abin da zai ji kafin a ce masa ya ci gaba da karatu. Wannan karon ƙofar ta kullu, har ta wuce gona da iri: an gama kwafi, na rufe manhajar, ta ƙi buɗewa. Sai da na miƙe fil ɗin mayafina na zura a ɗan ramin gaggawa da ke gaban akwatin na turo ta da hannu. Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki, dariyarsa ta farko tun rasuwar, ya ce na yanke wa faifan Larabci ɗaurin rai da rai. Na koma na gano inda na hana alamar komawa a'a idan an gama aiki, na gyara. Miyar mulukiyar da na ɗora ranar ta ƙone, muka ci ful, dafaffen waken Misirawa, da burodi daga shagon bakin titi.

Da na tabbata, na kira shi. Na sa faifan cokali, muka jira har akwatin ya shaƙe ya yi ƙas ɗinsa.

"Danna."

Ya danna. Shiru. Ya sake dannawa, ya danne da babban yatsa, ya haɗa da cije leɓe. Ƙofar ba ta ko girgiza ba. Na tsayar da kwafin na ce ya sake gwadawa, ta buɗe.

"Tamam," ya ce. "Kin yi ƙoƙari. Amma faifan Baba ba zai shiga ba."

A lokacin jarrabawa ta ƙare, ɗalibin da zai tafi gida ya fara ɗaure kayansa. Wata safiya bayan mun karya, Yaya yana zaune a falo da littafi, na jawo kujera na taka na sauko da farin hankicin daga saman kanta. Ban yi a ɓoye ba. Da gangan na ja kujerar ta yi ƙara.

"Ajiye shi."

"Ba zan ajiye ba, Yaya."

"Sakawa ɗaya ta rage masa, ke da bakinki kika faɗa. In ya tsage fa?"

"In ya tsage ni na tsaga shi. Ka kira Inna ka gaya mata haka, ba zan musa ba."

"Ba naki ba ne ke kaɗai. Abin da Baba ya bar mana ke nan mu duka."

"Na sani. Kai ka karanta rabon gado, ba ni ba. Ka ɗauki robar faifan, duk na bar maka. Ni muryar nake so, ita Inna ta tambaya."

Ya rufe littafin. Na ga ransa ya ɓaci sosai, kuma na ga tsoro a ƙarƙashin ɓacin ran, irin wanda ni ma nake ji. Ya fi ni ƙarfi, da ya so da ya karɓe. Bai tashi ba.

"Ki ji tsoron Allah," ya ce a hankali.

"Ina ji. Ka yi mana addu'a."

Na ɗora faifan a kan farantin na tura ƙofar. Akwatin ya damƙe shi, ya juya, ya tsaya. Ya sake juyawa, ya sake tsayawa. Na ƙura wa allon ido. Sai can ya kama juyi sosai, allon ya nuna ya gane abin da ke ciki. Na umarci manhajar ta ci gaba daga inda aka katse ta rannan.

Yinin nan babu wanda ya fita. Yaya ya zauna nesa da teburin ya tura hannuwansa ƙarƙashin cinyoyinsa kamar yaron da aka yi wa kashedi. Da Azahar ya bi ta jikin bango ya wuce banɗaki, bai ko kalli wajen ba. Bayan nan karatu ya shiga yankin ƙarzuwa, tafiya ta koma ta hawainiya. Akwatin ya yi kakari, ya yi tsit, ya yi ƙas, ya ci gaba. Ya sake. Na daina ƙirgawa. Zafi ya cika ɗakin, daga titi ana jin masu mikrobas suna kiran unguwar da za su, Sabi', Sabi'. Gajiya ta sa Yaya ya miƙe a kan doguwar kujera, littafi a ƙirji, barci ya ɗauke shi.

Akwatin bai daɗe da yin wani ƙas ɗin ba masallacin bayan gidanmu ya ɗauki kiran La'asar, na gaba ya karɓa. Ina kicin ina cika buta. Na juyo na hango Yaya ya miƙe, ido rabi a rufe, yana naɗe hannun riga, ya nufi banɗaki ta gaban teburin. Na buɗe baki, amma yatsan ya riga ni.

Na ji ƙarar maɓallin daga inda nake.

Fitilar ta ci gaba da ƙiftawa. Faifan ya ci gaba da juyi. Ƙofar tana nan inda take.

Yaya ya farka sosai a lokacin. Ya tsaya yana kallon hannunsa kamar na wani ne aka manna masa.

"Wallahi ban san na yi ba."

"Na sani, Yaya. Je ka yi alwala."

Ruwan butar yana zuba a ƙafata ban lura ba. Na ji wani irin daɗi mai haɗe da son yin kuka, kuma na ji ina son a tara mini duk masu cewa ma'alish a jere su a falon nan.

Rana ta yi sanyi kwafin ya kammala. Na rufe manhajar, na ce wa Yaya ya buɗe da hannunsa. Ya ɗauko faifan da yatsu biyu ya ɗaga shi ga taga. Tsagar ta shiga cikin rubutu, ta wuce. Ya naɗe shi a hankicin. Na kai hannu zan kunna ƙarshen karatun, wurin da muka yi shekaru ba mu ji ba, sai ya riƙe ni.

"Kada mu riga Inna."

Muka kira ta. Yaya ya ce mata ta zauna, ya ɗora wayar a jikin lasifikar kwamfuta. Muryar Baba ta cika ɗakin, da ɗan kaushinta, da yadda yake jan numfashi kafin doguwar aya. Nan da can akan ji ɗan tsalle inda ƙarzuwa ta cinye harafi, amma shi ne. A bayansa ana jin kaji, da wani yana daka a maƙwabta. Daga wayar ba ma jin komai sai numfashin Inna.

Muna cikin haka Magariba ta faɗo a Hayyin Ashir, lasifikoki suka ɗauka ta ko'ina. Yaya ya zabura, hannunsa ya miƙe ya nufi kwamfutar. Wannan karon babu kullen da zai tare shi, ni kuma ban hana shi ba. Hannun ya tsaya a iska.

Domin a cikin karatun ma, can nesa, wani kiran sallar ya taso, na tsohon ladanin unguwarmu mai karyewar murya. Baba ya kai ƙarshen ayar da yake kai, ya tsaya. Aka ji ƙarar rufe littafi.

"Uwata," ya ce, "an kira salla. Danna abin nan."

Wata ƙaramar murya, tawa, ta ce, "Wanne, Baba? Jan?"

"Ke kika san kansa."

Sai ƙas, sai shiru.

Hannun Yaya yana nan a miƙe, babu abin da ya rage da zai kashe. Can muka ji Inna ta ja hanci, ta gyara murya.

"To, kun dai ji Malam," ta ce. "Ku tashi ku yi salla."